Furen da Na Ba da Haya

Jere goma sha tara nake da su a shekarar da abin ya faru. Kowane jere yana da manyan tukwanen fure biyu da ake girkewa a gefen gado, da ƙanana huɗu na saman kabet, da doguwar igiyar ganye da ake zagaye madubi da ita, da gajera ta bakin ƙofa. Furen siliki ne mai karan waya, wanda mata ke kira fulawa, ba na robar nan mai ƙyalli da ake tallansa a faranti ba. Shekara goma sha biyu na yi ina haɗa su. Keken ɗinkina ya shiga ciki, awakina shida sun shiga, haka 'yan kunnen da aka yi mini aure da su. Ba ni da gona, ba ni da shago. Goma sha taran nan su ne dukiyata, kuma a cikin mako uku na fitar da goma sha bakwai daga hannuna da kaina, ba wanda ya tilasta mini.

Ba sayar da fure nake yi ba, haya nake bayarwa. Asalin abin, wata maƙwabciyata ce a nan Kaura Namoda ta aurar da ɗiyarta, muka je jere. Matar ta yi iyakar ƙoƙarinta, ga gado, ga katifa, ga kabet da kwanuka 'yan daidai. Da dangin ango suka zo ganin ɗaki, wata gwaggonsa ta tsaya a tsakiya, ta juya nan ta juya can, ta ce ɗaki ya yi tsaf, kamar inda ake jiran likita. Aka yi dariya. Uwa ba ta zuwa jere, amma kafin la'asar maganar ta isa kunnenta, na same ta a bayan rumbu tana tsintar wake tana share ido da gefen zane. Ina da tukwanen fure biyu a ɗakina da na sayo a Gusau don marmari. Washegari na ɗauke su na kai ɗakin amarya, na ce mantawa aka yi da su a gidan uwa. Bayan kwana arba'in uwar ta aika aka karɓo, ta kawo mini da kanta, da tiya biyu ta shinkafa a ƙulle a ɗankwali. Na karɓi shinkafar, ban yi kawaici ba. A ranar na gane akwai kasuwa a wurin.

Ga yadda ake yi. Uwa ce ke zuwa wurina, ita kaɗai, yawanci da hantsi bayan maza sun fita. Mu yi ciniki a uwar ɗaki. Ba takarda, ba shaida, ko ƙanwarta ba ta sani ba. Ranar jere in tafi da kayana kamar wadda aka saya a wurinta aka kuma ce ta zo ta ɗaura. Idan an yi kwana arba'in, masu ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa, sai uwa ta aika wa ɗiyarta cewa fulawar nan ta sha ƙura, a bayar a kai Kaura wanki. Daga wankin nan ba ta komawa. Ni kuma in aika da wata 'yar ƙaramar tukunya kyauta, don kada saman kabet ya zauna tsirara. Akwai dangin miji da ke zargi, na sani, amma kowace a cikinsu tana da ɗiya tana tasowa, don haka ba mai tonawa. Matan da ke zuwa wurina rufin asiri suke biya, furen ɗan rakiya ne, kuma shi ya sa ban taɓa rubuta sunan kowa ba.

Idan jere ya dawo sai in zare furen daga tukwane, in zuba a buhu da gishiri in girgiza, ƙurar ta bi gishirin. Wanda ya sha hayaƙin turaren wuta in tsoma shi a ruwan sabulu mai sanyi, in shanya a inuwa, don rana tana cinye ja cikin kwana biyu. Wanda ya yamutse in kara shi a tururin tukunya, ya buɗe kamar sabo. Jere ɗaya yakan shiga ɗaki shida ko bakwai a shekara. Akwai wani ja da ruwan ɗorawa da na tabbata ya ga amare fiye da hamsin, kowace tana cewa nata ne.

Ina da ƙa'ida da na ɗora wa kaina tun farko. Ba na barin fiye da rabin kayana a waje lokaci guda, kuma ba na kaiwa inda ba zan iya zuwa in dawo a yini ɗaya ba. Shekara goma sha biyu ban karya ta ba.

Kafin shekarar nan an yi kamar shekara biyu aure ya yi wuya a ƙauyukanmu, saboda mutanen daji, 'yan bindigar da ke tare hanya suna ɗaukar mutane. Wanda ya sa rana sai ya ɗaga, wanda ya ɗaura sai a kai amarya shiru ba jere. Kayana suka zauna, ina wankewa ina mayarwa. Sai a daminar nan aka fara cewa an yi sulhu a wasu wurare. Ban san wa ya yi da wa ba, amma mutane sun shiga gonakinsu na nesa, gero ya yi, dawa ta yi. Da kaka ta kama, auren shekara biyu ya taso gaba ɗaya.

Jere huɗu suka tafi Shinkafi, biyu Kasuwar Daji. Ana nan sai ga ƙawata ta Zurmi, mai yawon sayar da atamfa gida gida, wadda ita ke haɗa ni da iyaye mata a can tana samun nata kason. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Takwas na ƙauye, uku na cikin gari."

Na ce, "Sha ɗaya ke nan. Ke ko ruwa ba ki sha ba."

"Ruwan Kaura mi gare shi? Ki ba ni fulawa."

"Shida na waje. In na ba ki sha ɗaya, mi ya rage min?"

"Biyu, da ni. Tsohuwa, shekara biyu kina wanki kina shanya kamar mai jego, ba wanda ya leƙo ki. Yau kasuwa ta biyo ki har ɗaka kina ƙirga yatsu."

Mai gidana, wanda ke sayar da kayan keke a bakin tasha, yana tsakar gida yana alwala, duk yana jinmu. Ya ce, "Sulhun nan da kuke ta faɗi, wa ya gan shi da ido?"

Ƙawata ta ce, "Malam, kai da ko Kasuwar Daji ba ka zuwa sai an yi rasuwa, ina za ka gan shi?"

"Shi ya sa har yau nike da rai ina amsa miki magana."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai hana ni ba, ba ya shiga sana'ata. Na zauna na auna abin. Iyaye mata sha ɗaya, kowace da geronta a hannu, kuma idan na ce a'a za su nemi wata hanya, shekara mai zuwa ba za su tuna da ni ba. Na ce wa kaina kwana arba'in ne kawai. Ban yi wauta irin ta wanda bai san hatsari ba. Na san shi, na sa shi a ma'auni, na ga kwana arba'in bai kai ya rinjayi gero sha ɗaya ba. Na ba ta.

Mafi nisa a cikin na ƙauyen yana can gaba da Birnin Tsaba, inda mota ba ta shiga sai babur na haya, kabu-kabu. Can na je da kaina, don jeren da na ware masa shi ne mafi kyau a kayana, fari da ruwan hoda, bai shiga ɗaki uku ba. Uwar amaryar mai ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, mijinta ya rasu da daɗewa, ɗiya ɗaya gare ta. Wanda ɗiyar ke so ɗan gidan masu sayen hatsi ne, gida mai baki. Matar siririya ce, hannuwanta duk tabon mai. Ta shigar da ni ɗakinta, ta saki labule, ta auna mini geron hayar duka a take, tiya tiya, tana tsiri da kyau ba ta shafewa.

Da ta gama ta ce, "Hajiya, magana ɗaya. Ɗiyata kada ta sani. Ba yanzu ba, ba gaba ba."

Yawancin iyaye sukan gaya wa ɗiyar daga baya, don kada ta yi ta jiran wanki. Na ce, "To in ba su dawo ba mi za ki ce mata?"

"In ce kin ɓata su wurin wanki. In zage ki gabanta."

"Ki zage ni da kyau, kada ki rage."

Ta yi dariya har tana riƙe baki. Ta ce tun yarinyar na goye take suya, ba ta taɓa saya mata abin da ba na amfani ba. Tana so ko sau ɗaya ɗiyar ta ɗauka an saya mata abu don kyau kawai. Na ɗaure bakin buhuna.

Ɗakin amaryar na ƙasa ne, an yi masa sabon yaɓe, an shimfiɗa leda, taga ɗaya 'yar ƙarama. Irin wannan ɗaki fari yake so, ja yana ƙara masa duhu. Na girke manyan tukwanen, dogayen kara a baya, gajeru a gaba, na lanƙwasa wayar kowane fure ya fuskanci ƙofa, domin mai ganin ɗaki daga bakin ƙofa take yanke hukunci, kafin ta shigo ta gama. Na matsar da madubi ya kalli kabet, ƙananan tukwane huɗu suka koma takwas. Gwaggonnin amarya suna ta jera kwanuka suna cewa in rage gudu su ga yadda nake yi, na ce in na koya muku mi zan ci.

Da la'asar dangin ango suka zo, yayarsa a gaba, wata doguwa mai ƙiba da haƙorin Makka. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe. Sannan ta shigo ta kama fure ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina yatsun.

Ta ce, "Wagga ba ta faranti ba ce. Nawa anka saye ta?"

Na ce, "Ki tambayi mai saye. Ni ɗauri anka kira ni."

Ta juya ga 'yan uwanta ta ce, "Mai ƙuli ta yi abin kai. Ku rage cin ƙuli bashi, kun ga inda kuɗinku ke zuwa."

Amaryar tana lulluɓe a bakin gado, ban ga fuskarta sosai ba. Na ga dai ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta taɓa ganyen da ke kusa da ita. Na hau kabu-kabu da buhun gerona na kama hanya tun rana na sama.

Ba a cika kwana talatin ba sulhun ya watse. Labari ya riƙa zuwa tasha guntu guntu, mai gidana na kawo mini. An tare hanyar kaza, an kwashe shanun gari kaza, mutanen wuri kaza sun taso. Direbobi suka daina zuwa Zurmi sai an taru an yi jerin gwano, wata rana ma ba a zuwa. Ina zaune ina ƙirga kwanaki. Ranar arba'in na Kasuwar Daji suka dawo su biyu a bayan kabu-kabu, cikakku, da saƙon godiya. Daga nan shiru.

Na jira wata guda, sannan na shiga motar Shinkafi ranar kasuwa, lokacin da motoci ke da yawa a hanya. Gida na farko uwar ta riga ta karɓo ta ajiye mini a ƙarƙashin gado, na ɗauka. Gida na biyu na tarar da tabarmi a tsakar gida, mata zaune jugum. An ɗauke mijin ɗiyar a hanyar gona, ana haɗa abin fansa. Dangin miji sun fitar da komai na ɗakin amarya sun sayar, gado, kabet, kwanuka, har furen, domin a wurinsu kayan amarya ne, uwarta ta saya mata. Uwar na zaune a cikin matan. Ta gan ni, na gan ta. Na durƙusa na ce Allah ya kuɓutar da shi, aka amsa. Da zan fita ta rako ni zaure, ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Na zare hannuna a hankali na ce ta koma ciki ana jiranta.

Mutum zai ce me ya hana in yi magana. A gaban wa zan yi? Ba takarda, ba shaida. Idan na buɗe baki na ce haya ne, na tsiraita matar a gaban surukan ɗiyarta a ranar da suka fi kowa baƙin ciki, furen kuma ba zai dawo ba, ya riga ya bi dillali. Kafin mako maganar ta zagaye Shinkafi ta iso Kaura, kowace uwar miji ta koma ta kalli kabet ɗin surukarta, ba uwar da za ta sake ɗaga labulena. Shirun da na gina sana'ar a kansa shi ya ɗaure mini baki. Sauran gidaje biyun na Shinkafi na same su da kwaɗo. Maƙwabta suka ce ɗaya sun yi Sakkwato, ɗaya sun tsallaka iyaka wurin dangi.

Zurmi sai da na yi wata biyu kafin na samu zuwa. Ƙawata ta rame, gidanta cike da danginta na ƙauye, har a ɗakin girki ana kwana. Ta daina yawon atamfa. Ta jawo mini buhu biyu na cikin gari, ɗaya ɓera ya taɓa igiyar madubinsa. Na uku ango ya kwashe matarsa da kayanta sun koma Gusau, uwar ta ce ba ta da bakin da za ta aika har can a ce wanki.

Na ce, "Na ƙauye fa?"

Ta ce, "Wane ƙauye? Tsohuwa, ba kowa can. Ga mutanen nan kina taka ƙafafunsu."

"Iyayen ba su zo da komi ba?"

"Sun zo da ɗiyansu. Waɗanda sunka zo."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, ni na ba da kayana. Ta rako ni tasha. Muna tsaye muna jiran mota ta cika sai wani ya tsaya da babur yana sayen mai a galan, fuskarsa a naɗe da rawani. A kan hannun babur ɗin an ɗaura fure ruwan ɗorawa guda biyar, da baƙin zaren da nake naɗe gindin kara da shi, naɗi bakwai da ƙulli a ciki. Ba mai irin wannan naɗi sai ni. Na lura duk tashar ba mai kallon wajen da yake. Ƙawata ta mintsine ni a cinya ta ce ƙasa ƙasa, "Kalli takalminki." Na kalli takalmina har ya tafi. Wataƙila saye ya yi a kasuwa, wataƙila ɗan kabu-kabu ne kamar kowa. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da bazara, ana zafin nan da ko kaji ba su fitowa, aka yi sallama a gidana da azahar. Mata biyu ne. Babbar na gane ta da haƙorinta na Makka, don jikin duk ya zube, yayar angon nan ce ta ƙauyen gaba da Birnin Tsaba. Ƙaramar na ɗauke da buhun shinkafa a kai wanda ganinsa ba nauyi, cikinta ya fara fitowa. Ita ce amaryar. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Suka ce suna wani kango a bayan tasha, su goma sha wani abu. Na tambayi mai ƙuli. Yarinyar ta sunkuyar da kai, yayar ta ce tana cikin waɗanda ba su iso Zurmi ba. Na yi musu gaisuwa.

Yayar ta jawo buhun ta zazzage a tabarma. Fari da ruwan hoda, a yamutse, da ƙasa a jiki, igiyoyi biyu a cukurkuɗe, ba tukunya ko ɗaya. Ta ce bayan kwana shida da gudowarsu maza sun koma ƙauyen da rana su ga abin da ya rage. Hatsi babu, dabbobi babu, katifa da kwanuka babu. An farfasa tukwanen ana neman kuɗi a yashin da ke cikinsu, furen aka bari a ƙasa. Ƙanenta ya tattaro wa matarsa.

Ta ce, "Wurinki uwatta ta saya, ke kin san kuɗinta. Mun kai kasuwa sun yi muna tayin banza. Ki faɗi nawa ta ba ki, mu san inda za mu fara."

Na ɗauki fure ɗaya ina kaɗe masa ƙasa don in samu lokaci. Kayana ne a gabana, ana so in saya. Na duba hanyoyin da nake da su, ba su da yawa. In ce haya ne, yayar ba za ta yarda ba, za ta ce na ga uwa ta mutu zan ci kayan marainiya, kuma ba ni da abin nunawa. In ma ta yarda, yarinyar za ta koma kangon nan ta zauna cikin dangin miji a matsayin wadda aka kawo da kayan aro. Saura in faɗi kuɗi. In na faɗi kaɗan, na sayi kayana da araha, amma na mayar da abin kan da mai ƙuli ta yi abin banza. In na faɗi da yawa, daga can yayar za ta fara ciniki, kuma na ga irin bakinta.

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Inna ta ce min shekara biyu tana tari."

Ban san ta faɗa mata haka ba. Na faɗi kuɗin da shekara biyu ta mai ƙuli za ta iya tarawa, wanda ya ɗan haura abin da ni kaina na sayo jeren.

Yayar ta dubi yarinyar ta ce, "Kin ji ko. Na faɗa ranar nan ba ta faranti ba ce." Ta juyo gare ni. "To ki ba mu kashi biyu cikin uku."

"Ba tukwane, Yaya. Tukwanen su ne rabin kuɗin."

"Tukunya ƙasa ce da fenti. Wa ke kallon tukunya?"

"Ki tambayi wanda ya farfasa su, shi ya kalla. Ga igiya ta tsinke wuri biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. Sau ɗaya anka yi amfani da ita."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa ban ce ɗaya cikin biyar ba."

Muka ja, muka ja, ta tashi kamar za ta tafi, ta dawo ta zauna. Muka tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Na shiga ɗaki na kwance abin da na ajiye na sayen tukwane, bai kai ba, na cika da gero. Geron mai ƙuli ne ma, sauran wanda ta auna mini, ban faɗa musu ba. Da za su tashi yarinyar ta ce ko zan bar mata ɗaya. Na ce ta zaɓa. Ta ɗauki wani fari ƙarami ta soke a cikin ɗankwalinta ta yadda ba a gani. Yayar ta ce, "Ki cire kuɗinsa in kin isa." Na ce na yafe.

Mai gidana da ya dawo ya ga furen a tabarma ya tambaya, na gaya masa duka, shi kaɗai na taɓa gaya wa. Ya ce, "Kin ba da haya, kin saye, kin ba da kyauta. Saura ki biya su ladan ɗauko miki." Na ce da sun tambaya da na biya. Ba alheri na yi ba, in faɗi gaskiya. A lokacin ina ganin sana'ata nake karewa, ina cewa in asiri ya tsira kasuwa za ta dawo da kaka.

Ba ta dawo ba. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ana aure, mutane ba su daina ba, amma jere ya canja. A ƙauyukan da suka rage ba mai son ɗakin da za a fita ana labarinsa, domin ba a san kunnen da labarin zai faɗa ba, ɗaki mai kyau yana nufin gida mai abin fansa. Uwa yanzu takan sayi abin da za a iya naɗewa a ɗora a kai, katifa marar kauri, tabarma, tukunya biyu. A cikin Kaura kuwa, inda mutanen ƙauye suka cika kowane kango, amarya na shiga ɗakin da aka raba da labule, ina za a girke tukunyar fure. Masu hali na cikin gari ba su taɓa zama mutanena ba, su daga Kano ake kawo musu nasu. Na wanke farin nan, na kara shi a tururi, ya tashi kamar ba abin da ya same shi, na sayo masa tukwane. Bai sake shiga ɗakin kowa ba. Yarinyar na ji an ce ta haihu, daga baya suka tashi daga kangon, ban san inda suka nufa ba. Ƙawata ta Zurmi takan kira ni jefi jefi, ba ma maganar fulawa.

Yanzu kayan miya nake sayarwa a ƙofar gida, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, abin da ake ci a gama a dawo gobe. Goma sha bakwai na fitar. Biyu sun dawo daga Kasuwar Daji, ɗaya daga Shinkafi, biyu daga Zurmi, ɗaya na saya da kuɗina, shida ke nan. Sha ɗaya sun tafi. Da biyun da ban fitar ba, takwas suka rage a hannuna. Biyar na warware na sayar kara kara, ga direbobi da masu shayi da wani mai shagon magani, a kan abin da bai kai kuɗin tukwanensu ba. Uku na nan a buhu a saman rumfar ɗakina, har da farin. Daga goma sha tara zuwa uku, kuma ukun ma ba mai tambaya.